Tumakin Ingila da Fadamar Haɗejiya

Duk sa'ad da aka kama ɓarawon awaki a kasuwa, ko shanu suka faɗa gonar shinkafa aka yi rauni, maganar da takan fito bakin jama'a ɗaya ce, wato a tsananta hukunci. Ba mu ga laifin mai faɗin haka ba, gama wanda aka yi wa ɓarna shi ya san zafinta. Amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. A wannan wata muna so mu kawo muku labarin wani lauya na ƙasar Ingila wanda ya yi nazarin wannan al'amari shekara fiye da 500 da suka wuce, sa'an nan mu dawo gida mu auna maganarsa da abin da yake faruwa a bakin kogin Haɗejiya.

Sunan mutumin Tomas Mor. An haife shi a birnin Landan a shekara ta 1478. Yana cikin wani rukuni na malaman Turai waɗanda ake kira masu nazarin halin ɗan Adam. Waɗannan malamai sun koma ga tsofaffin littattafan Helenanci da Latinanci, suna karanta su daga tushe, suna kuma cewa amfanin ilmi shi ne ya gyara halin mutum da zaman gari. Babban amininsa shi ne Irasmus, mutumin ƙasar Holan, wanda ya buga Sabon Alkawari da Helenanci a shekara ta 1516. A cikin wannan shekara ce kuma aka buga wani ƙaramin littafi na Mor da Latinanci, mai suna Utofiya. Ma'anar sunan a Helenanci ita ce wurin da babu shi. Sai a 1551 aka juya shi zuwa Ingilishi.

Yawancin mutane sun san kashi na biyu na littafin, inda aka ƙaga labarin wani tsibiri mai tsari na ban mamaki. Mu kuwa kashi na fari ya fi jan hankalinmu. A can Mor ya shirya hira a gidan wani babban limamin ƙasar, Kadinal Moton, wanda Mor ya yi wa hidima yana yaro. Wani masanin doka yana yabon yadda ake rataye ɓarayi, har wani lokaci mutum ashirin a gungume guda, yana kuma mamakin yadda sata ba ta raguwa. A dokar Ingila ta lokacin, wanda ya saci abin da ya haura sule guda, wato kwabo 12, ana iya rataye shi. Sai wani matafiyi mai suna Rafayel ya amsa masa. Ya nuna cewa wanda ba shi da wata hanyar samun abinci, ba hukuncin da zai hana shi sata. Ya kwatanta mahukuntan da mugun malamin makaranta wanda ya fi son bulala a kan koyarwa. Mu da muke riƙe da alli, wannan kwatanci ya taɓa mu. Ya ƙara da cewa idan hukuncin sata da na kisankai duk ɗaya ne, to an koya wa ɓarawo ya kashe wanda ya gan shi ke nan.

Daga nan sai ya shiga lissafa inda ɓarayin suke fitowa. Akwai sojojin da aka sallama daga yaƙi da raunuka. Akwai barorin manyan mutane waɗanda aka kora, ba su iya kowace sana'a ba. Amma babban dalilin da ya kawo shi ne tumaki. A zamanin nan gashin tumaki da yadin da ake saƙawa da shi su ne babban abin da Ingila take sayarwa waje. Sai masu ƙasa, har da wasu shugabannin gidajen ibada, suka ga kiwo ya fi noma kawo kuɗi. Suka kewaye gonaki da makiyayar gari da shinge, suka kori manoman da suka gaji wurin kaka da kakanni. Filin da dā yake ci da iyali da yawa, yanzu makiyayi guda ya ishe shi. Shi ya sa Rafayel ya siffanta tumaki, dabbobin da kowa ya sani da sanyin hali, kamar sun koma cin mutane. Wanda aka kora zai sayar da 'yan komatsansa da araha, kuɗin ya ƙare, in ya yi bara a ɗaure shi, in ya yi sata a rataye shi. Ƙasa ita ta yi ɓarawon, ita kuma take hukunta shi.

Mor bai tsaya ga hankali kaɗai ba, ya jingina maganar da addini. Ya tuna wa masu karatu cewa Allah ya hana kisa, kuma shari'ar Musa, duk da tsananinta, biya ta ɗora wa ɓarawon dukiya. Wanda ya duba Fitowa sura 22 zai ga haka. A cikin surar nan ma an ambaci mutumin da ya saki dabbarsa ta ci gonar wani, aka ce ya biya daga mafi kyaun amfanin gonarsa.

Masana tarihi sun bi sawun maganar Mor don su ga ko gaskiya ce. Sun tarar tun a 1489 majalisar Ingila ta yi dokar hana rushe ƙauyuka saboda kiwo, a 1517 kuma Kadinal Wulsi, babban wazirin sarki, ya aika masu bincike su zaga ƙasa su rubuta filayen da aka killace. A 1954 wani masani mai suna Maurice Beresford ya buga littafi a kan ƙauyukan Ingila da suka ɓace. Ya bi kufansu a cikin saura, ya nuna cewa da yawansu sun watse tun cikin ƙarni na 15. Ashe lokacin da Mor ya ɗaga murya, ɓarna ta riga ta yi nisa. Haka abin yake sau da yawa: kafin maganar talaka ta kai ga takarda, gonar ta daɗe da tafiya.

A 1529 Sarki Henri na Takwas ya naɗa Mor a kujerar da za mu iya kwatantawa da Waziri da Alƙalin Alƙalai a haɗe. Kotun da yake shugabanta ana kiranta kotun lamiri, domin aikinta shi ne ta sassauta inda bin harafin doka zai jawo zalunci. Malaman lokacin sun yi ta muhawara a kan wannan. Wani lauya mai suna Christopher St German ya rubuta littafi wajen 1530, inda malamin tauhidi da ɗalibin doka suke tattauna yadda za a yi sa'ad da doka da lamiri suka saɓa. Surukin Mor, Wiliyam Rofa, ya ba da labari cewa da alƙalai suka yi gunaguni Mor yana tsoma baki cikin hukuncinsu, sai ya gayyace su cin abinci, ya nuna musu dalilinsa a kan kowace shari'a, ya ce in su da kansu za su riƙa sassauta tsananin doka, shi zai janye hannunsa. Suka ƙi.

Ƙarshensa sananne ne. Sarki ya raba gari da Fafaroma, ya sa aka yi dokar da ta maishe shi shugaban ikkilisiyar Ingila. Mor ya ajiye aiki a 1532. A 1534 ya ƙi yin rantsuwar da sarki ya nema, aka tsare shi wajen wata 15, aka fille masa kai ran 6 ga Yuli 1535.

Sai dai fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wannan mutum da ya ji tausayin ɓarawo, bai ji tausayin wanda ya saɓa masa a akida ba. A cikin shekarun da yake riƙe da kujerar, an ƙone mutum shida da wuta saboda aƙidarsu, shi kuwa ya goyi bayan haka a rubuce. Ya yi ta rubutu mai zafi a kan Wiliyam Tindal, wanda ya juya Sabon Alkawari zuwa Ingilishi aka buga a 1526, aka kuma kashe shi a 1536. Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932, bai kamata mu manta da wannan ba. Shi ya sa masana suka rabu a kansa. R. W. Chambers ya rubuta tarihinsa cike da yabo a 1935, shekarar da Ikkilisiyar Katolika ta sa shi cikin tsarkaka. Richard Marius kuwa, a 1984, ya fito da tsananinsa a fili. Jami'ar Yel ta Amurka ta ɗauki shekaru daga 1963 zuwa 1997 tana buga dukan rubuce-rubucensa, don kowa ya karanta ya yanke wa kansa. Abin da muka ɗauka shi ne, mutum yana iya gane zalunci sarai a wuri ɗaya, idonsa kuma ya rufe a wani wurin.

Kada wani ya ce wannan tunanin Turawa ne kawai. Lokacin da Mor yake yaro ɗan shekara 14 ko 15, wani malami mutumin Tilimsan, Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, ya sauka Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ya rubuta wa sarkin wani ɗan littafi mai babi takwas a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. A ciki ya yi magana a kan adalci a shari'a, da tara dukiyar hukuma ta hanyar halal. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada sarki ya ɓoye kansa daga talakawansa, gama daga nan kowace masifa take farawa. Bayan shekara wajen 300, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa mutanen Kano littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da shari'a. Wansa, Shehu Usmanu, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa abubuwan da ya ɗauka zalunci ne a mulkin zamaninsa, har da jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa mahukunta. Malaman Musulunci suna kuma ruwaito cewa Halifa Umaru ya dakatar da yanke hannun ɓarawo a shekarar yunwa. A cikin Suratul Anbiya ma an ba da labarin Dawuda da Sulemanu suna shari'a a kan tumakin da suka shiga gona da dare. To, ga shi nan, Kirista da Musulmi duka sun gaji koyarwa cewa mai hukunci ya duba abin da ya kai mutum ga laifi, ya kuma nemi hanyar da wanda aka cuta zai sami abinsa.

Yanzu mu dawo bakin kogi. Kogin Kano da na Calawa su suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya. Daga nan yakan bi ta ƙasar Auyo da Haɗejiya da Kirikasamma da Guri, ya bazu cikin fadama, ya sadu da kogin Jama'are wajen Gashuwa, ruwan ya nufi tafkin Cadi. Tun zamanin kakanni, fili guda yana ci da mutum uku a shekara. Da ruwa ya malala, manomi yana da shinkafarsa, masunci kuma yana da kifinsa. Da ruwa ya janye, a shuka wake a danshin da ya bari. Da rani ya yi, makiyayi ya gangaro da shanu su ci ciyawa da kara, su bar taki. Ba a rubuta wannan tsari a takarda ba. Bulama da sarkin ruwa da ardo su suka san iyakar kowa, da lokacin kowa.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma ta Calawa. An yi su da kyakkyawar niyya: birnin Kano ya sami ruwan sha, manoman Kadawa da Kura su yi noman rani. Sun kuwa amfana. Amma ruwan da aka tare a sama, shi ne ruwan da dā yake malala a ƙasa. Ga kuma farin da aka yi a 1973 da 1984. Filin da ruwa yake rufewa, wanda a shekarun 1960 yakan haura hekta 200,000, a wasu shekarun 1980 bai kai rabin haka ba. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, tare da abokan aikinsa, sun auna amfanin ruwan. Sun tarar cewa in aka haɗa noma da su da itacen wuta, ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani nesa ba kusa ba a kan daidai wannan ruwan in an kai shi aikin noman rani na kogin Kano.

Bayan haka, sakin ruwa daga madatsun rani da damina ya sa hanyoyin ruwa ba sa bushewa kamar dā. Sai kacalla ta samu wurin zama, ta toshe magudanai, ta zama mafakar tsuntsayen da suke cinye hatsi. Ruwa ya karkata, wasu garuruwa gonakinsu suka nutse, wasu kuma ruwan ya daina zuwa musu. A 1987 gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama daga waje, hanin da ya kai har 1992. Alkama ta yi daraja, injin ban ruwa ya yawaita, masu hali suka shiga fadama da noman rani. Wuraren da shanu suka saba kiwo da rani suka zama gonaki, burtali ya ƙuntata, hanyar mashaya ta toshe.

Doka fa? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ƙananan hukumomi kuma suna ba da izinin gonakin karkara. In hukuma ta karɓi fili, diyyar da doka ta tanada ta amfanin gona ce da gini da aikin da aka yi a wurin. Makiyayin da hakkinsa na wata huɗu ne a shekara, da masuncin da hakkinsa yana cikin ruwan da yake zuwa ya tafi, ba su da abin da za su nuna. Akwai dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965, amma da yawa daga cikin wuraren ba a tabbatar da su a hukumance ba, noma kuma ya ci wasu.

Ba mu ce madatsa ko injin ban ruwa ko alkama mugun abu ne ba, kamar yadda tunkiya ma ba muguwar dabba ce ba. Abin da Mor ya gani shi ne, sa'ad da sabuwar hanyar riba ta zo, tsohon hakkin da ba a rubuta ba shi yake fara faɗuwa, mai shi kuwa ba a jin labarinsa sai ran da ya tsaya gaban alƙali. A ran nan abin da kotu take gani shi ne aikin ƙarshe: shanu a cikin gona, sara a kafaɗa, buhun shinkafa da ya ɓace. Ba a kiran wanda ya nome burtali, ba a kiran wanda ya sa hannu a takardar filin.

Kada kuma a juya maganarmu. Ba mu wanke ɓarawo ba, ba mu kuwa wanke wanda ya kora shanu cikin gonar talaka da gangan ba. Manomin da aka cinye wa amfanin shekara shi ma talaka ne, yana da 'ya'ya. Akwai kuma masu laifi waɗanda ba yunwa ta kai su ba, son banza ne. Dole doka ta yi aikinta. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Garin da ya tsaya ga hukunci kaɗai, zai cika gidan yari, ɓarna kuwa ba za ta ragu ba.

To, me ya rataya a wuyanmu? Na fari, dattawan gari, manoma da makiyaya da masunta, su zauna tun kafin kaka, su bi burtali da mashaya da ƙafa, a kafa alama, a rubuta, kowane ɓangare ya riƙe takardarsa, a kai guda ga hakimi da ƙaramar hukuma. Hakkin da yake a bakin tsofaffi kawai, ran da suka kau shi ma ya kau. Na biyu, in ɓarna ta auku, a gaggauta auna ta a gaban shaidu na ɓangarorin biyu, a biya. Biyan da aka yi cikin mako guda ya fi ɗaurin da ya bar mai gona hannu wofi. Na uku, mu da muke da gona a fadama, mu tambayi kanmu ko kunyar da muka ƙara bara ta shiga hanyar shanu. Labarin Nabot da gonar inabinsa, a 1 Sarakuna sura 21, ba don sarakuna kaɗai aka rubuta shi ba. Na huɗu, sa'ad da hukuma ta kira taro a kan rabon ruwa ko sharar kacalla, mutanen ƙasan kogi su je, su yi magana, a rubuta abin da suka faɗa.

Na ƙarshe ya shafi iyaye da malamai. Yaranmu da suke karatun doka da aikin gona da aikin injiniya, su ne gobe za su sa hannu a takardar fili, su buɗe ƙofar madatsa, su zauna a kujerar shari'a. In abin da suka koya shi ne sashe kaza na doka da hukuncinsa kawai, mun ba su rabin ilmi. Mu koya musu su riƙa tambaya: wannan da yake tsaye gabana, da me yake ci dā, wa ya raba shi da shi? Mu kuma gaya musu labarin Mor dukansa, da kyansa da muninsa, domin su sani adalcin da mutum yake yi wa wanda yake tausayi, shi ne kuma ya wajaba ya yi wa wanda ba addininsu ɗaya ba, ko ba yarensu ɗaya ba. A fadamarmu, inda Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Babade suke shan ruwa guda, wannan darasi ba na wasa ba ne.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen jin talaka, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.